Takardar da Baba Joji ya ce in kai

Baba Joji ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a kicin da ludayi a hannu. Malam Bala, abokin aikina majistare, shi ya kira. Na ɗauka maganar fayil ce, har na fara ce masa ya bari in iso ofis. Sai ya ce, "Rahila, Baba ya cika bayan sallar Asuba."

Na ce wane Baba? Alhali na sani sarai. Baba ɗaya gare mu.

Kokon da na ɗora ya kama tukunya, ban ji ƙaurin ba sai da maƙwabciyata ta leƙo tana tambaya ko lafiya.

Tun lokacin nake jina kamar ban gama farkawa ba. Ina ganin mutane suna wucewa, keke na ta ƙara a titi, amma duk kamar daga nesa. Ku yi haƙuri idan rubutun nan ya yi ta yawo. Haka kaina yake yau.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tsohon alƙalin babbar kotu ne. Ya yi ritaya da daɗewa, amma zaman gida ya gagare shi. Shi ake kira ya yi mana bita, mu majistarori da alƙalan ƙananan kotuna, a kan abu guda: bayan laifi ya tabbata a kan mutum, nawa za ka ba shi, kuma don me. Sunansa na yanka ma ba kowa ya riƙe ba. Baba Joji kawai.

Farkon haɗuwarmu ina sabuwa a aiki. Ruwa ya tare ni a bakin titin Yelwa, na rungume fayil-fayil a ƙirji, duk keken da ya zo a cike. Wata tsohuwar mota ta tsaya, wani dattijo ya sauke gilas ya ce, "'Yata, shigo. Ke za ki bushe, amma takardun nan rayuwar mutane ce."

Sai da muka kusa kotu na gane wanda ya ɗauko ni. Kunya ta hana ni ko gyara zama.

Kullum da dabino a aljihunsa. Idan ka ba da amsa daidai a aji ya ba ka ɗaya, idan ka yi shirme ya ba ka biyu, wai ka fi bukata.

Duk Kirsimeti sai ya bugo mini waya ya ce a ajiye masa shinkafarsa, kuma bai taɓa zuwa ci ba. Amma da mahaifiyata ta rasu, har garinmu Bogoro ya je. Na waiwaya a coci na hango shi a bencin ƙarshe da farar hularsa, ya haɗa hannuwa a kan sanda, har aka tashi.

Yana da wata ɗabi'a da mutane suka daɗe suna mamaki. Duk Laraba sai ya je gidan yari da ɗan littafinsa, gandirobobi su ajiye masa benci a inuwa. Tambaya biyu kawai yake yi wa fursuna: me ka yi, kuma nawa aka ba ka?

Yakan ce mana, "Ku ba ku san hukuncin junanku ba. Kowa na ɗakinsa ya rufe ƙofa. Amma su can ciki sun san naku duka. Sun san kotun da ake roƙon Allah a kai mutum, sun san wadda ake fara kuka tun a mota."

Daga littafin nan yake ɗauko darasinmu. Ya cire sunaye, ya cire lambar kotu, ya bar laifi da hukunci tsirara a kan allo.

To, yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Wata biyu da suka wuce muna wurin bita, ya rubuta wani kes. Mutum biyu sun saci injin ban ruwa a wani lambu, tare suka ɗauka. Dukansu laifin farko ne, dukansu sun amsa ba gardama, an kuma samo injin. An kama ɗaya da wuri aka kai shi wata kotu, ya samu wata shida. Ɗayan sai daga baya aka kama shi, aka kai shi wata kotun daban, ya samu shekara biyu. A ɗaki ɗaya aka kulle su.

Ya ajiye alli ya ce, "To malamai, ku faɗa mini dalili."

Waɗanda suka san ni sun san bakina ba ya jiran izini. Na ɗaga hannu na ce, "Baba, wannan alƙali na biyu ko dai bai karya kumallo ba, ko kuma uwargida ce ta ɓata masa rai kafin ya fito."

Aji ya kwashe da dariya. Ni ma na ji daɗin kaina.

Baba ya ce, "Da ke ce, nawa za ki ba shi?"

Na ce, "Wata shida. Idan na tsananta, takwas."

Ya ce madalla, ya rubuta a gefe. Sannan ya ƙara da cewa, kamar wanda ya tuna wani ɗan abu maras muhimmanci, "An ce shi na biyun murmushi ya yi lokacin da ake karanta masa laifinsa."

Wallahi sai na ji ɗakin ya yi nisa.

Na ga ranar gaba ɗaya. Tsakiyar bazara, babu wuta, fanka a tsaye, kes sun taru tun safe. Wani mutum a cikin akwatin masu laifi da shuɗiyar riga, hannunsa duk baƙin taya. Ana karanta masa tuhuma yana murmushi. Na ce a raina, au, kotun tawa ce abin dariya? Zan nuna maka.

Ni ce alƙalin da bai karya kumallo ba.

Baba bai kalli inda nake ba ko sau ɗaya. Ya share allo ya wuce darasi na gaba, yana koya mana yadda ake fara auna hukunci daga tsakiya, a duba abin da ya ƙara wa laifin nauyi da abin da ya rage masa, a tambayi abin da sauran kotuna ke bayarwa a irinsa, sannan a rubuta dalili. Ina jin muryarsa kamar ta rediyon maƙwabta.

Da aka fita hutu ya same ni a bayan ɗakin, ya miƙo mini dabino biyu.

Ya ce, "Ba raini ba ne, 'yata. Haka fuskarsa take yi idan ya tsorata. Ni ma da na tambaye shi nawa aka ba shi, da wannan murmushin ya ce mini shekara biyu."

Zan kira mutumin Sale, ba sunansa ba ne. Mai faci ne a Fadaman Mada, yana da mata da 'ya'ya. Abokin satarsa ya gama wa'adinsa ya fita, har ya yi masa sallama ya bar masa bargo.

Ban karya doka ba, kada wani ya fahimce ni a karkace. Doka ta ba ni fili daga nan zuwa can, ni kuma na je can ƙarshe na tsaya. Da na koma na buɗe fayil ɗin, dalilin da na rubuta shi ne wai don ya zama darasi ga wasu. Murmushin ban rubuta shi ba. Baba kuwa ya sha gaya mana cewa dalilin da kake jin kunyar rubutawa, kada ka ɗaure mutum da shi.

Hukunci idan ka sa masa hannu ya fita daga ikonka. Sale ba shi da lauya, lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce. Ƙofa ɗaya ta rage. Akwai kwamitin da ke zagaya gidan yari lokaci-lokaci yana duba irin waɗannan shari'u. Baba ya ce idan ni da na yanke hukuncin na rubuta musu da hannuna cewa na yi nauyin hannu, za su saurara fiye da yadda za su saurari kowa.

A satin na rubuta takardar. Shafi ɗaya ce tak.

Sati bakwai tana cikin jakata.

Na kai ta ofis na dawo da ita. Na kai ta coci, na kai ta kasuwa, har gefenta ya fara lanƙwashewa. Sunana yana cikin waɗanda ake duba wa ƙarin girma bana. Kuma duk waɗanda suka yi dariyar barkwancina za su ji. Mu alƙalai gara a soke mana hukunci daga sama sau goma da mu buɗe baki mu ce mun yi kuskure. Kullum sai in ce gobe, ina kwana a kan katifata.

Ranar Asabar da ta wuce na je gaishe shi, don na ji ba ya jin daɗi. Gidansa na cikin lungu a Ƙofar Dumi, mota ba ta shiga. Na ajiye ta a baki na taka, na wuce maƙera da masu ɗinkin hula. Hadari ya haɗo ta gabas, garin ya yi wannan hasken mai ruwan ɗorawa da ake yi kafin ruwa, iska na kawo ƙamshin ƙasa daga inda aka riga aka fara.

Na same shi a zaure a kan tabarma, ya jingina da bango. Ya rame, ƙafafunsa sun kumbura. Amma da ya gan ni ya ce, "A'a, yau kotu ce da kanta ta zo gidan mai laifi?"

Ranar bai yi mini darasi ba. Ya lumshe ido yana ta hira a hankali, kamar ba da ni yake ba. Ya ba ni labarin yadda suna yara sarkin kasuwa ke zagayawa da mudunsa, ya gwada na kowace mai awo. Ya ce tsohuwarsa takan aike shi sayen gero ba ta ce masa je wurin wance ba, don duk inda ya je mudun ɗaya ne.

Ya ce, "Abin da nake ta gani ke nan idan na rufe ido. A kamo mutum daga Yelwa ko daga ƙauye, a sa shi a mota, kuma ko a ransa bai tambayi wace kotu za a kai shi ba. Ni dai ba zan gani ba. Ku wataƙila."

Hajiya, matarsa, ta aiko da zoɓo mai sanyi. Wata kurciya na ta kuka a kan katanga. Na ji da za a bar ni da na zauna a wurin har yamma, ba na son komai ya motsa.

Sai ya buɗe ido ya ce, "Kin kai?"

Jakar tana kan cinyata. Na ce, "Zan kai, Baba. Sati mai zuwa."

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "A wurinki sati ne. A wurin wanda ke ɗaure kwana bakwai ne, ɗaya bayan ɗaya. Kuma Juma'ar nan kwamitin ke rufe karɓa." Sannan ya ce in tashi in tafi kada ruwa ya tare ni.

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Litinin ta zo ta wuce, ban kai ba.

Yau da na fito, gidan rasuwa na nufa. Na yi rabin hanya na ji ba zan iya shiga lungun nan da takardar a jakata ba. Na juya mota.

Sakataren kwamitin ya karɓa, ya karanta layin farko, ya ɗago ya kalle ni, ya sake kallon sa hannun da ke ƙasa. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ke da kanki?" Na ce ni da kaina. Ya buga hatimi. Abin da na yi sati bakwai ina jin tsoronsa bai kai minti biyu ba.

Na isa Ƙofar Dumi an riga an fita da shi. Na shiga cikin gida wurin mata, na durƙusa gaban Hajiya. Ta riƙe hannuna ta ce, "Rahila, jiya bayan La'asar sau biyu yana tambaya ko kin bugo. Ya ce akwai saƙon da yake jira daga wurinki."

A nan na yi kukan da ban yi ba tun safe.

Kwana ɗaya, jama'a. Da jiya na kai, da ya ji da kunnensa.

Na kai, Baba. Na makara, amma na kai. Abokan aikina da kuka yi dariya ranar bita, yau kun san ko wane ne alƙalin. Ƙarin girma ya zo ko kada ya zo. Ban sani ba ko kwamitin zai saki Sale, ba a hannuna yake ba kuma.

Allah Ya jiƙan Baba Joji, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yi masa sassauci fiye da wanda ya koya mana mu yi wa mutane. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Hajiya da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, mu ɗalibansa kuma Ya daidaita mana hannu.

Duk wanda ya karanta wannan, Musulmi ko Kirista, don Allah ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce. Idan ka gama, ka sa Sale a ciki. Sati mai zuwa za a buɗe fayil ɗinsa.