Sai Innarsu Ta Ji

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da ranar da kwamfutar Malam ta ƙi karɓar rabin aikinsa ba. Ni ban yi boko ba, faɗa nake yi ana rubutawa, kuma na gaya wa mai rubutun in ta ga na yi shiru ta jira ni, don har yau in na tuna sai hawaye.

Mijina malamin makaranta ne. Da ya yi ritaya zaman gida ya ishe shi, sai babbar 'yarmu, wadda ta karanci kwamfuta, ta samo masa abin yi. Akwai wata manhajar waya da ke tuna wa mata ranar awo da ranar rigakafin yara, har tana karanta saƙon da murya saboda irinmu. Amma da Turanci take magana. Aka ce ana neman mai mayar da saƙonnin Hausa don Allah, Malam ya ce ya ɗauka.

Da hantsi yakan shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu na Tudun Wada, ya ɗora kwamfutar a kan kujerar tsuguno, ni ina gefe ina tsintar shinkafa. Sai in ji, "Innarsu, saurara. In waya ta ce miki lokacin ziyarar asibiti ya ƙarato, ya yi?"

"Ziyara kuma, Malam? Dubiya za ni? Ka ce gobe ranar awo ce."

Sai ya yi dariya ya ce, "To, shugabar makaranta ta yi magana." Wallahi ni a lokacin na ɗauka tsokana ce irin tasa, da neman abokin hira.

Ana cikin haka 'yar tamu ta haihu, aka yi mata aiki, na koma gidanta a Kwangila ina kula da ita. Malam ya zo ganin jariri a keke. Da zai tafi na ce, "Aikin naka fa?" Ya ce, "Ya kusa, sai kin dawo." Na ce a raina tsoho dai ya yi kewar tuwona. Ban dawo na same shi ba. Wata rana bayan la'asar ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Ina cikin takaba yarinyar ta zo da goyonta, ta ce masu manhajar za su fitar da sabuwa ranar Juma'a. In ba a miƙa musu aikin Baba a kammale ba, za su fitar babu Hausa, kuma ba wanda ya san ranar da za a sake waiwayarta. Ta ɗauko kwamfutar daga inda ya bar ta, ta duba, ta ce, "Alhamdulillahi, Inna, babu layin da bai fassara ba. Haɗawa kawai ta rage."

Na ce wace irin haɗawa? Ta buɗe wani baƙin allo, ba hoto ba ado, sai ɗan farin abu yana ƙyaftawa. Ta ce waya ba ta iya ɗaukar rubutun yadda Baba ya yi shi, sai an buga wa allon nan umarni ya tattara saƙonnin ya dunƙule su wuri guda. Na ce, "Kamar kai niƙa ke nan." Ta ce, "Kamarsa."

Ta buga, ta zuba abin a wayarta, ta danna. Muryar wata mata ta ce, "Gobe ranar awo ce." Ta sake dannawa, sai Turanci. Ta kuma dannawa, Turanci. Na ce, "Innalillahi! Ke, me kika taɓa?" Ta rantse ba ta taɓa komai ba. Ta sake buga umarnin, abin bai canza ba. Ga rubutun Malam cike da allo, ga waya tana magana kamar bai taɓa zama a tabarmar nan ba. Sai na ji kamar an sake yi mini rasuwar.

Na ce, "Injin ya cinye aikin bawan Allah?"

Ta ce, "Bai cinye ba, Inna, tsallake su ya yi. Ƙa'idarsa ke nan. Duk layin da mai fassara ya sa wa alamar cewa bai tabbatar ba, ba ya ɗauka. To me ya sa Baba zai sa wa waɗannan duka alama?"

Ta matsa kusa da allon. Sai na ga ta toshe baki da hannu. Na ce, "Ki yi magana mana, kina tsorata ni." Ta ce a saman kowane layi mai alamar Baba ya bar 'yar magana, kuma iri ɗaya ce daga sama har ƙasa. Ta karanta mini: "Sai Innarsu ta ji."

Ashe duk abin da ya fassara tun ranar da na tafi Kwangila, bai yarda ya wuce ba. Ashe "ya yi" ɗin da nake jefa masa ina tsintar shinkafa, shi yake jira kafin ya cire alamar. Mutumin da ya koyar da rabin unguwar nan karatu! Na zauna daɓas a ƙasa, ban san sanda kuka ya ƙwace mini ba.

Da muka lafa ta ce tana iya share alamun gaba ɗaya da umarni guda, a gama yanzu. Na ce, "A'a. Cewa ya yi sai na ji. Karanto."

Haka muka zauna a tabarmarsa, tana karantawa tana shayar da yaro. Wasu na gyara, yawanci ban taɓa su ba, don ya riga ya kama bakinmu. Duk wanda na ce ya yi, sai ta cire alamar. Ranar Juma'a da safe ta sake buga umarnin. Allon bai yi ƙorafin komai ba. Ta danna wayar, Hausa tun daga farko har ƙarshe.

Bara na je asibiti awon jini, wata yarinya mai ciki tana kusa da ni a benci, sai wayarta ta ce, "Gobe ranar awo ce." Na juya fuska na share ido, ta ce, "Lafiya, Inna?" Na ce lafiya ƙalau.

Abin da na koya shi ne, in na kusa da kai ya ce ka saurara, ka ajiye abin hannunka ka saurara da kyau. Ba ka san matsayin da ya ba maganarka ba, kuma ba kowa Allah ke ba damar amsawa bayan mai tambayar ya tafi ba. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta.