Ruwan Kurmi a Kaskon Karnukan Baba

Shekarar da Inna ta rasu, yayana ya dage sai Baba ya bar ƙauyenmu na wajen Gammo ya koma wurinsa a kurmi, inda ya daɗe yana kiwon shanu. Ni ina aure a Gwarzo, sai dai in leƙo in yi masa shara da wanki in koma. Baba ya yi ta kwana-kwana, daga baya ya ce to, za a tafi bayan an gama kaka, amma ƙafarsa ƙafar karnukansa.

Su biyu ne, ja da baƙa, duk sun tsufa tukuf. Shi jan, haƙoransa sun kusa ƙarewa, baƙar kuma idonta ɗaya ya yi yana. Da su ya yi farauta lokacin da yake da ƙafa. Bai taɓa bari sun shiga ɗakinsa ko sun lashe shi ba, amma duk inda ya shimfiɗa buzu, za ka gan su kwance nesa kaɗan suna kallonsa.

Yaya ya gaya masa gaskiya ta waya. "Baba, kurmi ba ta barin karen arewa, balle tsoho. Zafin nan jiƙa mutum yake yi, ko a inuwa gumi kake. Ga kaska, ga ƙudan tsando. Wallahi ba za su kai damina ba."

"To, sai a shirya su," in ji Baba.

Da na ce masa wannan neman magana ne, sai ya dube ni ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa gare ni, "can ba wanda ya san ni sai ɗan'uwanki, shi kuwa kullum yana daji. In na fito ƙofar gida da safe, ina so in ga idon da ya san ni."

Shiri kuwa an sha shi. Ya sa almakashi ya sausaye musu gashi, ya riƙa shafe su da man darbejiya saboda kaska. Da rana tsaka sai ya ja su zuwa fadama, ya kwantar da su cikin rake inda iska ba ta shiga. Tsohon ɗakin awaki kuma ya rataye shi da jiƙaƙƙun buhuna, ya tura su ciki ya ja ƙyaure. Na ce, "Baba, karnuka kake shiryawa ko daddawa kake rufewa?" Ya yi dariya, ya ce in ta nuna zai aiko mini da tawa.

Duk wannan bai dame ni ba. Ruwan ne ya dame ni.

A wajenmu, in mutum zai yi tafiya mai nisa, akan ƙulla masa ƙasar gida a tsumma. In ya isa sai ya barbaɗa kaɗan a ruwan da zai fara sha, don kada baƙon ruwa ya kayar da shi. Baba sai ya juya abin. Ya ce tsofaffi ba su da lokacin da za su je can su fara sabo, gara su saba tun daga nan. Ya sa Yaya ya aiko da jarkar ruwan rafinsu da ƙullin ƙasar can ta hannun wani direban motar goro. Na ga ruwan da idona, ja-ja kamar shayin da ba madara. Ƙasar kuwa baƙa ce, tana warin ruɓaɓɓen ganye, kuma duk ranar da ake ƙwallawa ba ta bushe ba. Kullum yakan tsiyaya musu kaɗan a kasko ya gauraya da na rijiya, yana ƙara na kurmi yana rage na gida.

Zuwan da na yi bayan haka, ina shiga zaure suka taso mini da haushi. Ni da na san su tun idonsu bai buɗe ba! Na daka musu tsawa, suka ja da baya suna gurnani. Can sai ga mai tallan manja, mutumin kudu da bai taɓa taka gidanmu ba, ya yi sallama. Suka nufe shi suna kaɗa jela suna shinshina galan ɗinsa.

Na fara lura da su. Duk inda suka kwanta, kudu suke fuskanta. Rani ya shigo, leɓen kowa ya tsage, amma in ka dubi bayansu sai ka ga gashin a jiƙe, in sun tashi kuma su bar danshi a ƙasa. Buhunan ɗakin awaki an daɗe da kwashe su, amma fumfuna ta ci gaba da hawa bangon, kore shar. Jan da dā sai an ɗaga shi, ya koma tafiya garau. Baba ya riƙa nuna mini shi yana murna, ya ce, "Kin gani? Magani ya ci." Amma na ga yana yi musu fito, irin wanda dā ko suna bayan gari sai sun sheƙo, suka ɗaga kunne kawai suka mayar da kai.

Gwaggo, ƙanwarsa da ke aure a Gude, ta zo yi masa sallama. Da ta ji labarin jarkar sai ta ajiye kofin da ke hannunta, ta dubi Baba.

"Yaya, wa ya ba ka wannan shawara? Ƙasar gida ake kai wa baƙunta. Ba a kawo ƙasar baƙunta gida. Ai ka sallame su tun ba su tashi ba."

"Ke dai kin cika camfi," in ji Baba.

Amma tana fita ya tafi bayan ɗakinsa, ya kankaro ƙasa a gindin bango, ya dama da ruwan rijiya zalla ya ajiye musu. Suka shinshina, suka kauce. Yini guda kaskon yana nan, har kaji suka shanye. Da ƙishi ya kai musu karo, sai suka je suka kwanta kusa da jarkar. Tausayi ya kama shi, ya tsiyaya musu. Ni kuwa haushi ya cika ni, har na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Ranar tafiya Yaya ya zo da a-kori-kura. Ana cikin ɗora kaya, ba wanda ya kira su, karnukan nan suka fito suka yi tsalle suka haye baya, har da mai ido ɗaya. Baba ya matso zai gyara musu buhun da za su kwanta a kai. Jan ya yage baki, ya nuna masa ɗan abin da ya rage na haƙori. Baba ya janye hannunsa a hankali, ya goge a riga.

"Uwata, duba mini jarkar nan, ko da saura."

Na jijjiga ta, ba ko ɗigo. Sai a lokacin na gane cewa duk tsawon wannan shiri, shi bai taɓa kurɓar ruwan ba. Na ruga na ƙulla masa ƙasar tsakar gida a bakin zanena na yage na ba shi. Ya karɓa ya sa a aljihu, ya shiga gaba ya zauna, bai waiwaya ba.

Kurmi ba ta karɓe shi ba. Zazzaɓi ya yi ta kayar da shi, ƙafafunsa suka kumbura. In na kira shi na tambayi karnuka, sai ya ce, "Suna nan lafiya," ya sako wata magana. Matar Yaya ce ta gaya mini cewa kullum da safe yakan fito ƙofar gida ya zauna, su kuwa suna can maƙwabta, wajen wasu masu gonar koko da suka liƙe wa.

Damina na tsaka Yaya ya kira ni ya ce in yi haƙuri, Baba ya cika. Na yi kukana har na gaji. Da muka sake magana bayan an kai shi, ban san abin da ya sa na tambaya ba, na ce, "Yaya, karnukan fa?"

"Suna nan, sun yi ƙiba abinsu," in ji shi. "Da aka fito da shi ma suna kwance a bakin hanya. Sai da masu ɗauke da makara suka kewaye su."