Bututun Gejin Motar Baba Azi

Har gobe ba na jin zan manta da ranar da aka aike ni Anguwan Rukuba in duba wata mota mai ɗakin kwana a cikinta. Kun ce in ba ku labarin aikin da ya fi tsaya mini a rai cikin shekarun da na yi ina riƙe sifana, to ga shi, ko da yake ƙarfen da na canza bai kai tsawon hannuna ba.

A farkon shekarun dubu biyu ne, ƙarshen damina. Ina aiki a wani gareji a Farin Gada cikin Jos, bayan wurin da ake lodin kabeji da tumatir. Oganmu, Alhaji Ɗanjuma, shi ke karɓar aiki ya raba, mu manyan makanikai uku ne a ƙarƙashinsa, ni ne na ɓangaren inji. Na shekara goma sha wani abu a sana'ar, kuma gaskiya a lokacin ina ganin babu injin da zai gagare ni.

Da hantsi wata dattijuwa ta shigo garejin da lema a hannu da wani abu naɗe a tsumma. Ta ce sunanta Rifkatu, nas ce da ta yi ritaya. Ta warware tsumman a kan benci, sai ga gejin baƙin mai, wato siririn ƙarfen nan da ake zarowa a duba yawan man inji, tare da guntun bututun da yake shiga ciki. Bututun ya karye, bakinsa duk tsatsa. Ta ce ƙanenta ne ya tayar da motar don ta ɗan yi ɗumi, sai mai ya riƙa fesowa, da ya taɓa bututun ya biyo hannunsa. Ta zaga masu sayar da kayan mota, kowa ya ce mata rabonsa da ganin irin wannan injin tun yana yaro.

Oga ya tambaye ta wace irin mota ce. Ta ce tsohuwar mota ce ƙirar Jamus, mai gado da murhu da wurin wanke hannu. Mijinta, Baba Azi, fita ne, wato makaniki, a wakshop ɗin wani kamfanin haƙar kuza, shi ke gyara musu injuna. Da Baturen da Baba yake aiki a ƙarƙashinsa zai koma ƙasarsu sai ya bar masa ita. Yanzu Baba ya shekara biyu a kwance da shanyewar ɓarin jiki, likita ya ce a mayar da shi gida a kula da shi kawai. Abu ɗaya yake roƙo, a kai shi ƙauyensu ya ga yayarsa, tsohuwa ce da ta makance, ba ta iya tafiya. Ba ya iya zama a kujera ko na minti goma, hanyar kuma duwatsu ce. Motar nan kaɗai ke da gadon da za a kwantar da shi.

Da ta ambaci unguwarsu sai garejin ya yi tsit. Tun bayan rikicin da aka yi a garin, yawancinmu ba mu sake taka wasu unguwanni ba, kamar yadda su ma ba sa zuwa namu sai dole. Ta lura. Ta dubi Oga ta ce, “Duk wanda ka haɗa ni da shi, ni zan tafi da shi, ni zan dawo maka da shi. Ɗana ne har ya bar gidana.”

Oga ya ce, “Sale, aikinka ne. In ranka bai kwanta ba, ka faɗa.”

Na ɗauki akwatin kayan aiki na bi ta.

Motar tana tsakar gida ƙarƙashin rumfar kwano, fentinta ya koɗe amma babu inda ta lotse. Injin yana ciki, tsakanin kujerar direba da ta mai zaman banza, sai an ɗaga murfi a gan shi. Ina ɗagawa na san mai motar nan ma'aikaci ne. Kowace waya a ɗaure take, kowane noti daidai da gurbinsa. An fito da Baba Azi baranda a kan katifa, an tokare shi da matasai yadda zai hango ni ta ƙofar motar. Na durƙusa na gaishe shi. Bakinsa ya karkace, maganarsa ba ta fita sosai, Mama Rifkatu ce ke fassara mini. Hannunsa na hagu kaɗai ke motsi.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, bututun geji ba zare gare shi ba. Cusa shi ake yi da ƙarfi cikin wani rami a jikin inji, ƙarshensa yana leƙa kaskon da mai ke taruwa a ƙasa. Wannan ya karye daidai bakin ramin, saura guntu a maƙale ciki. Sai an fitar da guntun kafin a sa sabo.

Na ɗauki siririn kurfi na sassaƙar ƙarfe da guduma, da niyyar in lanƙwasa bakin guntun in kama shi da filaya. Sai na ji Baba yana bubbuga ƙasa da hannu yana wani gurnani. Mama ta ce wai in dakata, kada in buga. Na ce mata, cikin ladabi dai, kada Baba ya damu, na saba. A raina kuwa cewa nake tsoho ne mai ciwo, tausayin motarsa yake ji. Na buga sau ɗaya, na buga na biyu. A na uku guntun ya sulale, na ji ƙararsa can ƙasa, ƙwal, ya faɗa cikin kasko.

 Kun san abin da wannan ke nufi. Guntun ƙarfe yana yawo cikin mai, a ƙasan inji mai juyawa, a hanyar duwatsu. Yana iya kwanciya lafiya shekara goma, yana iya kashe injin a tsakiyar daji da marar lafiya a ciki. Babu wanda ya ga abin da ya faru. Shaiɗan ya raya mini in sa sabon bututu in yi shiru. Na dubi baranda, sai na ga idon Baba a kaina. Bai gani ba, amma ya ji ƙarar, kuma ya san ta.

Na sauko na durƙusa gabansa na ce, “Baba, ka hana ni ban ji ba. Ya faɗa ciki. Laifina ne.”

Ya dube ni ya ce wani abu. Mama ta yi murmushi ta ce, “Wai shi ma ya taɓa yi, a injin da ya fi wannan tsada. Wai ka kwance kasko, ba a mutu ba.”

Na tsiyaye man, na shiga ƙarƙashin motar na kwance notunan kaskon ɗaya bayan ɗaya. Guntun yana kwance cikin dagwalo. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ragar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Shekara biyu motar na tsaye, datti ya daskare ya toshe fiye da rabinta. Da na cire guntun ta sama yadda na so, da ban taɓa ganin ragar nan ba, da kuma injin ya ƙone kafin su yi nisa. Na kai wa Baba ita har baranda. Ya juya ta a hannu, ya ɗaga yatsa sama yana nuna Allah. Wannan ba ya bukatar fassara.

Azahar ta yi ina wanke kaskon da kananzir. Ban tambaya ba, Mama ta kawo mini ruwa a buta da sabulu, ta shimfiɗa sabuwar tabarma a ɗakin baƙi, ta nuna mini gabas. Da na idar na tarar da kwanon gwate a rufe. Da yamma ta rako ni har Farin Gada kamar yadda ta yi alkawari. Na gaya wa Oga duk abin da ya faru, har da kuskurena. Ya ce in koma gobe, kada in dawo sai motar ta tashi.

Washegari da sassafe na bi wuraren masu fasa tsofaffin motoci, na samo bututan ƙarfe iri uku daga jikin tifa. Ni kaɗai na koma unguwar, ban jira an zo ɗaukata ba. Baba ya sa Mama ta buɗe wani tsohon akwati ta ɗauko masa ma'aunin kaurin ƙarfe. Ya sa na riƙe masa kowane bututu, yana aunawa da hannu ɗaya, yana matse ido. Ya ture biyu, ya ɗaga na uku. Ya ɗara ramin da kamar kaurin gashi, abin da ake so ke nan don ya kama.

Daga nan na daina yin komai sai na dube shi tukuna.

Ni da niyyata in haɗa guntaye biyun nan in yanke sabon daidai tsawonsu. Ya girgiza kai. Ya ce tsatsa ta cinye wani abu a wurin karayar, ba wanda ya san ko nawa ne. In bututu ya yi tsawo, geji ba zai kai inda ya kamata ba, zai nuna mai ya yi kaɗan, a yi ta ƙarawa har ya yi yawa. In ya yi gajere, zai nuna mai ya cika alhali inji na jin ƙishi. Sai ya sa aka ɗauko littafin motar, ya sha jiki, gefen shafukan duk rubutunsa ne da fensir. Ya ce in bar bututun da tsawo, in mayar da kasko, in zuba mai daidai yadda littafi ya faɗa, in jira ya kwanta, sannan in riƙa rage bakin bututun kaɗan-kaɗan har man ya tsaya a kan layin sama na geji.

Ya kuma nuna mini wani ramin noti a gefen injin da babu komai a cikinsa. Can ne maƙalar da ke riƙe bututun take, ta faɗi tun ba a sani ba, girgiza ta yi ta cinsa har ya karye. In ban yi sabuwa ba, wannan ma haka zai ƙare. Na hau acaɓa zuwa wurin wani mai walda a Gada Biyu, ya lanƙwasa mini bututun yadda tsohon yake, ya liƙa masa zobe a inda zai tsaya a bakin rami don kada ya taɓa zarcewa ciki, ya yanka mini maƙala.

Da na dawo zan buga shi, Baba ya sake bubbuga ƙasa. Wannan karon na ajiye guduma nan take. Ya ce a sa ƙarshen bututun cikin ƙanƙara tukuna, ƙarfe in ya ji sanyi yana tsukewa. Mama ta karɓo ƙanƙara wurin maƙwabciyarta mai sayar da zoɓo. Bayan kamar rabin awa na goge shi, na ɗora katako a kansa, na ɗan taɓa shi sau uku. Ya zauna kamar da shi aka ƙera injin. Na ɗaure maƙala, na mayar da kasko, na zuba mai. Sau huɗu ina yankan bakinsa ina gogewa da zarto, duk lokacin ina toshe cikinsa da tsumma don kada garin ƙarfe ya faɗa, kafin man ya hau layi. Na kai wa Baba gejin. Ya kawo shi dab da idonsa, ya gyaɗa kai.

Na tayar da motar. Ta yi tari sau biyu ta kama. Baba ya rufe ido yana sauraren injin, hawaye na bin gefen fuskarsa da ya shanye. Na bar ta tana aiki har ta yi zafi, na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta. Ko ɗigo.

Ranar Asabar na roƙi Oga ya bar ni in bi su, ko wani abu zai taso a hanya. Ƙanen Mama ya ja motar, ni ina gefensa, Baba a kan gado, Mama na riƙe da shi. Muka yi ta hawa da gangara tsakanin duwatsu da gonakin acca. Da muka isa aka riƙo yayar tasa har cikin motar. Ta laluba ta sami fuskarsa, ta riƙa shafawa tana kiransa da wani suna da ko Mama ta ce ba ta taɓa ji ba. Na fita na ba su wuri, na buɗe geji na duba, don in sami abin yi da idona.

Baba bai dawo Jos ba. Ya ce a bar shi can, kuma can ya rasu bayan 'yan makonni. Mama ta zo gareji da kanta ta gaya mana. Oga ya yi mata ta'aziyya, mu ma muka yi. Da za ta tafi ta ce Baba ya bar mini saƙo, ta sa ya maimaita sau biyu don ta tabbata ta ji daidai. Wai a gaya wa Sale hannunsa mai kyau ne, kunnensa ne ke bukatar gyara, kuma ya ga an fara.

Na gode wa Allah da ya haɗa ni da mutanen gidan nan. Kwana biyu kacal na yi a gaban tsohon, bai iya riƙe sifana ba, ba ya iya haɗa kalma biyar, amma abin da na ɗauka a wurinsa ya fi na wasu shekaru da na yi a bakin aiki. Shi ya sa kuke gani in mai mota ya fara magana nake ajiye abin da ke hannuna, ko tsohuwa ce, ko wanda bai san sunan komai a inji ba. In kuma hannunku ya kuskure, ku faɗa tun ƙarfen bai huce ba. Ni na faɗi nawa kuskuren ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma da shi Allah ya kai wani bawansa gida.