Jan Tumatir Ba Jini Ba Ne

Na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu turo saƙo kuna tambaya ina Rahila ta shiga, ga ni.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Littattafan soyayyar da nake rungume da su bara da yamma, ba karantawa nake ba. Riƙewa kawai nake yi. Rana na faɗuwa, rubutun sai ya ɓace.

Ciwon shawara ne ya kama ni da damina. Idona ya yi rawaya, ko ƙanshin abinci ba na so. Na kwanta a asibiti a Kafanchan, aka sallame ni. Mama na kasuwa, Baba na gonar citta, sai Kaka, wadda aka sa mini sunanta, ta karɓi jinyata.

A wajenmu mai shawara ba ya taɓa mai. Kaka ta hana ni manja, man gyaɗa, ƙwai, har nama. Kullum sai kunu, sai ɗanyen tumatir da take tsinkowa a bayan gida ta barbaɗa gishiri.

"Ci, takwara. Ja ne, jini ne."

Na ci. Har bayan Kirsimeti ina ci.

Fatata ta bushe. Idona kamar an zuba yashi. Na yi shiru, ina ganin 'yan matan cikin littafi ma shiru suke yi da ciwonsu har wani ya lura. Ba wanda ya lura, sai ranar da muka taso daga koyon waƙa a coci da yamma na faɗa kwata.

A asibiti aka ɗebi jini, aka haska idona da tocila, aka ɗiga wani magani mai zafi. Baba ya sayar da cittar da ya ajiye ta iri don biyan kuɗin. Na ji tsoro ƙwarai. Ina kwance ina haddace fuskar Mama, ko da za ta ɓace mini.

Likitar mace ce. Ta tambayi abin da nake ci, Kaka ta amsa da alfahari: "Ko ɗigon mai ban bari ya shiga bakinta ba."

Likita ta miƙe. Ta zaro tsinken tsintsiya.

"Mama, jan tumatir ba jini ba ne. A ɗanye, a miƙe yake kamar tsinken nan, a cunkushe, yawancinsa wucewa yake yi. Wuta ce ke sake shi ta lanƙwasa shi." Ta lanƙwasa tsinken. "Mai kuma shi ke ɗaukarsa ya ratsa hanji. Abin da idonta ke nema ma yana cikin manja, da karas, da ganye, da ƙwai. Shi ma ba ya shiga jiki sai da mai."

Kaka ta dubi hannuwanta. "Ashe ni na kashe ma yarinya ido."

"A'a, Mama, ba haka nake nufi ba."

Amma Kaka ta riga ta fita.

Na sha maganin da likita ta rubuta, na koma cin miya. Idon dama ya dawo. Na hagu akwai tabo, kamar ina leƙe ta labule, an ce haka zai zauna.

Na gode wa Ubangiji. Na gode wa likita, da matan zumunta da suka yi ta zuwa addu'a.

Don Allah, in an hana mara lafiya wani abinci, ku tambayi likita har yaushe. Ku soya tumatir da ɗan mai. In kun daina gani da yamma, ku faɗa da wuri, kada ku yi irin shiruna.

Kaka ta tuge tumatirinta duka. Ba ta ƙara shiga kicin ba, ba ta ƙara ce mini takwara ba. In na shigo sai ta kalli ƙasa.

Ni ban iya magana ba, rubutu na iya. Na so in ɓoye mata wannan rubutun, amma na fasa. Na soya miya da kaina. Zan kai mata tare da wayata, in zauna a gabanta in karanta mata da idon da ya rage, har inda na rubuta: Kaka, duk safiyar da kika tsinko mini tumatir, na san ƙauna ce.