Hannun da Na Ɗaga wa Isufu a Bakin Dutse

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, amma ban taɓa mantawa da wata Laraba ba, bayan sallar La'asar, ana saura wata biyu a buɗe baje kolin bazara na Pazhou. Mu huɗu ne a ofishinmu na benen Tianxiu, a nan ƙasar Sin: maigidanmu Alhaji Sule, da ni, da abokin aikina Isufu, da wani baƙo daga Agadas mai suna Alhaji Agali, wanda sana'arsa kai abinci da ruwa wuraren haƙar zinariya a cikin duwatsu.

Ga wanda bai san aikinmu ba, mu wakilan 'yan kasuwa ne. Baƙo zai zo daga gida, mu kai shi masana'anta, mu taya shi ciniki, mu tara kayansa a sito, mu cika masa kwantena. Kowane ma'aikaci da teburinsa. Ni nake riƙe da teburin motoci da kayan gyara. Isufu kuwa Badamagare ne, ya gama karatun injiniya a nan garin, aka ɗauke shi saboda baƙin da suka fi jin Faransanci.

Alhaji Agali ya ce motocinsa ba sa shekara. Inda hanya ta ƙare duwatsu suke farawa, su fasa wa mota ciki. Ya nuna mana a wayarsa wasu motoci masu dogayen ƙafafu suna rarrafe a kan duwatsu kamar ƙadangaru. Ya ce irin su yake so, amma ba sababbi ba, domin makanikan can ba su san kan injin kwamfuta ba. Tsohuwar a-kori-kura yake nema mai injin gas, a sake mata ƙafafu. Sai dai ba zai ba da oda ba sai ya ga guda ɗaya ta hau dutse da idonsa. Wannan ƙa'ida ce a kasuwar nan: ba samfur, ba oda.

Alhaji Sule ya ce, "Ai muna da Gwaggo."

Gwaggo ita ce a-kori-kurar ofis. Ni na sa mata sunan, kuma ni kaɗai nake tuƙa ta tun da na samu lasin ƙasar nan. Da ita nake kwaso dilolin tufafi daga kasuwar Baima zuwa sito. Na san tarinta na safe, na san giyar da ba ta shiga sai an lallaɓa. Shekara da shekaru ina roƙon a saya mata shokozoba biyu na baya, Alhaji yana ba ni amsar masu kanti, "Kabiru, mei yo," wato babu.

Na gyara zama, don na ɗauka aikin nawa ne. Mota ce, kuma tawa ce. Sai Alhaji ya miƙo hannu na ba shi makulli, ya tura shi gaban Isufu.

"Isufu, kai za ka bi aikin nan. Kai ka san zane, kuma kun fi fahimtar juna da baƙo."

Na ce, "Ranka ya daɗe, teburin motoci fa?"

Ya ce, "Teburin yana nan, wa ya ɗauke shi? Kai za ka riƙa samo musu kayan da suka nema."

Aka kai Gwaggo garejin wani Basine a bayan gari, muna ce masa Laoban Chen, wato Maigida Chen. Aikin ba ƙarami ba ne. Suka cire aksil na gaba da na baya suka sa masu kauri. Suka ɗaga bodi, suka yanke bakin gurbin taya don manyan tayoyi su samu wurin juyawa. Suka sa mata ƙaramar giya mai jan tayoyi huɗu a hankali, wadda za ta sa mota ta yi tafiyar hawainiya amma da ƙarfin raƙumi. Suka shimfiɗa farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, suka yi waldar bututu suka kewaye ɗakin direba, suka ɗaura injin jan igiya a gaba. Duk abin nan ni nake yawon sayowa, a motar haya. Ranar da na ɗauko shokozoba huɗu, kowanne ya fi hannuna tsawo, a kan cinyata na riƙe su har gareji. Motar da aka hana ta guda biyu na talaka tana hannuna, ga ta da huɗu na alfarma tana hannun wani.

Isufu ya tare ni a ƙofa yana dariya. "Bakano, ka ga Gwaggonka ta faɗo hannun manya? Da can wahala kawai take sha wajen bayi."

Na ce, "Bawa ko ya hau doki, sunansa bawa."

Wasan Kano da Damagaram tsoho ne, kullum muna yin sa a ofis. Amma da dariya ake yi. Ranar ban yi dariya ba, kuma ya lura.

Abin da ya fi ci mini rai ba motar kaɗai ba ce. Laoban Chen, wanda ni na fara saninsa, ya koma ba ya zuba shayi sai Isufu ya zauna. Alhaji Agali yana bugo waya daga otal, ko ni na ɗauka sai ya ce a ba shi injiniya. Ni kuma duk zuwan da zan yi gareji sai na dawo da magana. Tayoyin sun yi girma. Waldar gefen hagu ba ta yi mini ba. Za ta sha mai kamar jirgi. Wasu maganganun gaskiya ne, an ma gyara. Wasu kuwa na faɗa ne don kada a ce ban ce komai ba. Har Alhaji Sule ya gaji ya ce, "Kai dai Kabiru, ba a rasa ka da saura."

Da aka gama, Gwaggo ba ta da ikon hawa titin gari, domin kamanninta sun saɓa da na takardar rajista. A bayan babbar mota aka ɗora ta wata Asabar da hantsi, muka bi ta zuwa wata tsohuwar mafasar duwatsu a arewacin birni, inda masu sha'awar irin waɗannan motoci suke gwaji. Laoban Chen ya rage wa tayoyin iska don su rungumi dutse. Isufu ya shiga ya ɗaura bel. Gangaren farko da na biyu ta haye su kamar wasa. Alhaji Agali ya ɗaga waya yana ɗauka, Alhaji Sule yana cewa, "Masha Allah! Ka gani, Alhaji? Ka gani?"

Sai aka zo babban hawa, wani dutse mai matakai da ya fi mutum tsayi. Nan kowa ya zama direba. Alhaji yana cewa dama, baƙo yana cewa hagu da Faransanci, ma'aikatan gareji suna ihu da Sinanci. Isufu ya rasa wa zai bi. Tayar gaba ta zame, motar ta karkata har ta baya ɗaya ta bar ƙasa. Laoban Chen ya daka tsawa, aka yi tsit.

Ya yi bayani, Isufu yana fassara mana ta taga. A wannan harka direba makaho ne. Idan hancin mota ya ɗaga, ba ya ganin komai sai sama. Saboda haka mutum ɗaya ne yake tsayawa a gaba ya zama idonsa. Ya nuna dama, a yi dama. Ya yafito, a taho. Ya dunƙule hannu, a tsaya cak. Ba wanda zai sa baki, ko mai motar ne. Kuma direba ne yake zaɓar mutumin.

Laoban Chen har ya fara takawa zuwa gaban motar, don kowa ya ɗauka shi ne. Sai Isufu ya ce, "Malam Kabiru nike so."

Alhaji ya ce, "Kabiru? Ya taɓa yi ne?"

Isufu ya ce, "Laoban yana son aikinshi ya yi suna. Kai, Alhaji, kana son baƙo ya gani. Wanga Bakano shi kaɗai ne ba ya gaggawar ganin na haye. Kuma ko bai ji tausaina ba, zai ji na Gwaggo."

Aka yi dariya. Ni dai na naɗe ƙafar wando na hau dutsen.

Na jawo shi a hankali. Tayar dama ta kama mataki, ta hagu ta biyo, hancin ya ɗaga har na daina ganin fuskarsa sai idanunsa ta saman sitiyari. Gaba ya haye. Kafin in yafito baya, na tsuguna na leƙa ƙarƙashi. Tsakanin sawun tayoyin akwai wani tsinin dutse. Aksil na gaba ya tsallake shi domin tayoyinsa biyu suna kan tudu. Amma tayar baya ta hagu za ta faɗa wani rami, kuma idan ta faɗa, ƙullutun da ke tsakiyar aksil, inda haƙoran juya taya suke, shi zai sauka a kan tsinin. Ko ya fashe, ko motar ta maƙale ta juya ta gefen gangare da mutum a ciki.

Na san yadda abin zai zama a idon mutane. Saura taku ɗaya ya zama gwanin ranar, ga waya tana ɗauka. Na dunƙule hannu. Ya tsaya. Na nuna masa ya koma baya.

Alhaji ya taso. "Kabiru, mene ne haka? Ai ta riga ta hau!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, bayanta ba zai wuce ba."

Ya ce, a gaban baƙo, "Motar ce ba za ta wuce ba, ko kai ne ba ka so ta wuce?"

Aka kira Laoban Chen ya duba. Ya kwanta ya leƙa, ya tashi ya karkaɗa tafin hannu: wataƙila ta wuce, wataƙila ba ta wuce ba. Bai tsaya mini ba, bai kuma ƙaryata ni ba. Alhaji ya juya wajen taga ya ce, "Isufu, taka mai."

Isufu ya ce, "Ka yi haƙuri, Alhaji. Hannunshi nike kallo."

Ya sa giyar baya, na sauko da shi taku-taku. Na zagaya da shi ta gefen hagu, inda hawan ya fi tsawo amma ba shi da tsini, ba shi kuma da ban sha'awa. Ta haye lafiya. Alhaji Agali ya shiga ƙarƙashinta da rawaninsa ya daɗe yana dubawa, ya fito ya ce yana son wannan ɗin, kuma a yi masa wasu irinta. A hoton da ya ɗauka, wanda ya zagaya wayoyin 'yan unguwarmu ta Xiaobei har mako ya ƙare, ana ganin Isufu ya leƙo ta taga yana ɗaga babban yatsa. Ni bayana kawai ake gani.

Ranar Litinin Alhaji Sule ya kira ni ni kaɗai. Ya ce, "Ban ce ƙarya ka yi ba. Amma wata biyu kana neman aibin aikin nan. Ranar da ka samu na gaske, ta yaya zan bambance?" A zaman nan ya raba teburina biyu: motoci suka koma wajen Isufu, aka bar mini kayan gyara.

Da muka fito cin abinci na tambayi Isufu, "Da na ce ka taho fa?"

Ya ce, "Da na taho mana." Ya ci gaba da cin shinkafarsa, ya ƙara da cewa, "Bakano, miƙo yajin nan."

Ba zan ce muku kishin ya tafi a nan ba. Har yau idan baƙon mota ya shigo ya wuce ni ya nufi teburinsa, ina jin abin a ƙirjina, kuma har yau ina ganin da ni aka ba aikin da na iya. Abin da nake so ku riƙe, ku da kuka zo bayanmu, shi ne wannan: wakili ba shi da masana'anta, ba shi da jirgin ruwa. Jarinsa ɗaya ne, idan ya ce a tsaya a yarda da shi. Ni na kashe nawa a kan girman taya da shan mai, ranar da na buƙace shi na tarar mutum ɗaya ne kawai ya rage mai saye, shi ne kuma wanda nake jin haushinsa. A wannan kasuwa za ka yi kishin abokin aikinka, shi ma ya sani, amma gobe kayan baƙonka ko ransa zai ratsa ta hannun ɗayanku. Ku ji kishinku a ciki, kada ku sa shi a bakin rahoto.

An loda Gwaggo bayan an tashi daga baje koli. Sai da aka cire manyan tayoyin aka sa mata ƙanana kafin ta shiga ƙofar kwantena. Isufu ya bi ta Agadas ya yi wata guda yana koya wa direbobin Alhaji Agali. Dutsen nan kuwa ba mu sake komawa mun gwada shi ba.