Minti Biyu a Kan Ruwan Sama

Shekara tara ina auna ruwan sama kafin a samu wanda zai koya mini yadda ake zancensa. Ni malamin gona ne a yankin Gwaram. Akwai ma'aunin ruwa a bayan ofishinmu, wani gwangwani mai mazurari da aka kafa a kan ƙarfe, kuma duk safiyar damina ni nake buɗe shi, in tsiyaye abin da ya taru a kwalba mai layi-layi, in rubuta a littafi. Daga Basirka har Farin Dutse, in manoma suka hango babur ɗina sai sun tsayar da ni sun tambaya ko a yi shuka ko a dakata.

Abin da ya haɗa ni da malamin da ya koya mini zancen shi ne na samu gurbin ƙaro karatu a wata makarantar aikin gona a ƙasar waje, da sharaɗin in kawo shaidar cewa ina jin Turanci. Karatu da rubutu da sauraro duk na haye. Magana ce ta riƙe mini wuya. Za a zaunar da kai gaban mai jarrabawa, a miƙo maka kati mai tambaya, a ba ka minti ɗaya ka yi tunani, sannan ka yi minti biyu kana zuba ba tsayawa. Karon farko, kamar da gangan, lokutan shekara a garinmu aka tambaye ni. Na ɗauko bayanin bazara da damina da kaka da rani, na tsaya laluben kalmar da zan kira bazara da ita, ina "eh, eh" har lokaci ya cika. Karo na biyu ma haka na maƙale. Makarantar ta rubuto cewa ta ɗaga mini ƙafa sau ɗaya, ba za ta ƙara ba. In ban kawo sakamako kafin ƙarshen damina ba, gurbin ya zama na wani.

Shi ya sa duk Asabar nake buga babur daga Gwaram zuwa Birnin Kudu, wurin wani mai koyar da wannan jarrabawa a wani shago da ke bayan tasha. Mai Lema muke ce masa a bayan idonsa. Ya taɓa zuwa kwas na 'yan watanni a ƙasar Turawa, kuma tun da ya dawo bai yafe wa Jigawa ba. A tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake, shi yana cikin kwat, da naɗaɗɗiyar lema rataye a hannu, wai a can mutum ba ya fita sai da ita. Gumi na bin wuyansa yana ɗiga a kan takardunmu, amma kwat ɗin nan ba za a cire ba. Wallahi tun ranar farko na raina shi.

Mu shida ne a ajin. Wadda aka haɗa ni da ita don gwaji wata nas ce, Kirista daga kudu, ta daɗe a Birnin Kudu har Hausa ta zauna a bakinta. Sista nake ce mata. Ni zan riƙe waya ina duba lokaci ita tana magana, sannan mu juya.

Ranar da aka zo kan zancen yanayi, Mai Lema ya ce wannan tambaya ba ta cika kuskure mutum ba, don haka kowa ya buɗe kunne. Ya cika allo da kalmomi. Yayyafi iri uku, hazon safiya, dusar ƙanƙara mai laushi da mai santsi, ganyen da ke yin ja kafin ya zube. Muka yi ta maimaitawa a bayansa kamar 'yan aji ɗaya, fanka a tsaye don babu wuta, masu lodin mota suna ta ihun Gwaram, Gwaram a waje. Sista ta share fuska da gefen mayafinta, ta ce mini a hankali, "Malam, ƙanƙarar da na sani ita ce ta cikin zoɓo, ita ma sai in an kawo wuta."

Sannan ya raba wa kowa labarin da zai haddace. Nawa ga shi a Hausance, don ku ji abin da babba da gemunsa ya zauna yana biyawa. Wai ni da abokaina mun shirya fita shan iska ranar hutu. Mun cika kwando da burodi da lemo, mun shimfiɗa bargo a kan ciyawa a bakin tafki. Kwatsam sai hadari ya haɗo, ruwa ya sauko, burodinmu ya jiƙe, rana ta lalace. Wai tun daga ranar na tsani ruwan sama, yana sa ni baƙin ciki da kasala. A ƙarshe kuma in buɗe tafin hannuwana, in ɗaga ido sama, in yi ɗan murmushi, in ce ina fata dai kada a yi ruwa a makon nan. Har buɗe hannun sai da ya gwada mana, wai yana nuna wa mai jarrabawa cewa mutum ya saki jiki.

Na ce, "Malam, a ina na taɓa shimfiɗa bargo a bakin tafki? Mu a wurinmu in ka ga mutum a bakin tafki, shanu ya kai shan ruwa."

Ya ce ba ruwan mai jarrabawa da gaskiya.

Na ce, "To ai ba a cewa an tsani ruwa. Ko gidan mutum ya rushe masa, in ka ce masa yaya ruwa, cewa zai yi ruwa ya yi gyara."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Malamin gona, sau nawa ka faɗa musu gaskiya?" Na ce sau biyu. Ya ce, "Sau nawa ka ci?" Na ce ko sau ɗaya. Ya ce gaskiyata ba ta da kalmomi a Turanci, duk lokacin da na nufe ta sai na tsaya nema, tsayawar nan kuwa ita ake yanke wa maki. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutumin nan mai kwat a bazara bai yi ƙarya ba.

Haka na kama hadda. A kan babur ina yi, a bakin ma'aunin ruwa ina yi. Sista tana danna lokaci ina jiƙa burodi, ni ina danna lokaci ita tana ba da labarin yadda take kewar lokacin furanni a ƙasar da ba ta taɓa takawa ba. In na ƙare da wuri ta ce in ƙara wa burodin jiƙewa. Mun yi dariya, amma dariyar takaici ce, kowa ya san abin da ya kawo shi.

Kuskuren da na yi shi ne gaya wa Baba. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye a Farin Dutse, yana da 'yan shanunsa, bai yi boko ba. Na je gaishe shi wata Juma'a, ya tambayi abin da ke kai ni Birnin Kudu kowane mako, na ce Turawa ne za su yi mini tambaya a kan ruwan sama. Sai na ga fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ashe dai suna da hankali. To ɗauko abin rubutunka."

Daga la'asar har aka kusa kiran magariba yana faɗa ina rubutawa a bayan littafin ma'auni. Ya ce in gaya musu in shamuwa ta iso, a fara gyaran gona. In gawo ya fara zubar da ganye alhali sauran itatuwa na tohowa, damina ta ƙarato. In tururuwa na kwashe ƙwanta tana hawa tudu, ruwa mai yawa na tafe. Ya ce hadarin da ya taso da iska mai ƙarfi yawanci burga ce, wanda ya haɗu shiru daga gabas shi ne na gaske. Ya ce in bayyana musu binne, yadda ake zuba iri a busasshiyar ƙasa a bar wa Allah, da irin shekarar da ake yinsa da wadda ba a yi. Yana yi yana tsayawa ya ce, "Ka rubuta wannan? Karanta in ji." Ni kuwa ina rubutu ina jin labarin burodi na yawo a kaina. Ban iya ce masa ba za a tambaye ni ko ɗaya daga ciki ba.

An yi ruwan shuka, gero ya tsiro, na tafi jarrabawa. Wata mata ce ta yi mini, mai fara'a, da 'yar na'urar ɗaukar magana a gabanta. Ta miƙo kati. Tambayar ita ce in ba da labarin ranar da yanayi ya ɓata mini shiri. A minti ɗayan da aka ba ni na tuna shekarar da muka yi shuka sau uku, na tuna littafin da ke cikin jakata a waje. Har na buɗe baki da niyyar shamuwa, sai na ji ban san sunanta da Turanci ba. Na shimfiɗa bargona a bakin tafki. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na tsani ruwa da kyakkyawan lafazi, na buɗe hannu, na ɗaga ido, matar ta yi dariya ta gyaɗa kai. Na fito ina jin ƙyamar bakina.

Kafin sakamako ya fito, ruwa ya ɗauke. Mako ɗaya, biyu, aka shiga na uku. Kullum in buɗe ma'auni in tarar da shi a bushe, in ja layi a littafi. Ganyen gero ya nannaɗe, masu tsayar da ni a hanya suka daina tambaya, sai dai su ɗaga hannu kawai. Ranar da saƙo ya shigo wayata cewa na ci, har da rarar maki, ranar ce mutanen ƙauyenmu suka fita roƙon ruwa. Na kira Sista, ita ma ta haye. Na kira Mai Lema na yi masa godiya, ya ce ai ya gaya mini. Sannan na hau babur na nufi gida.

Na tarar sun dawo daga fili, dattawa shida ko bakwai suna zaune da Baba a gindin darbejiyar ƙofar gida, kowa leɓe a bushe. Na durƙusa na gaishe su, na faɗi abin da ya kawo ni. Aka yi ta barka. Baba ya ce, "Ka gaya musu zancen shamuwa?"

Na ce, "Na gaya musu, Baba."

"Da gawo?"

"Duka."

Ya juya ga abokansa ya ce duk abin da yaron nan ya kai wa Turawa a nan gindin bishiyar aka rubuta shi. Sannan ya ce, "Tashi ka yi mana yadda ka yi musu. Da Turancin. Ko ba mu ji ba, kunnenmu ya shaida."

Na miƙe. Da na so, da na buɗe littafin na yi ta kame-kame da ɗan abin da zan iya fassarawa, babu wanda zai gane na yi tuntuɓe. Amma na ga yadda suka zuba mini ido, na so su ji Turanci na gudu, kuma abu ɗaya ne kawai yake gudu a bakina. Na kama. Kwando, bargo, tafki, burodi. Suna gyaɗa kai, wani yana cewa Masha Allah. Na zo wurin tsanar ruwa na wuce shi da sauri. Na san abin da ke gaba, na ce a raina zan tsaya kafin nan, amma abin da aka biya sau ɗari ba ya jiran izini. Hannuwana suka buɗe da kansu, idona ya tafi sama, na ce ina fata kada a yi ruwa a makon nan.

Da suka ga tafin hannu a buɗe da ido a sama, sai duk suka ɗaga nasu. Suka ce amin. Baba ya fi kowa ɗaga murya, ya shafa a fuska.

Ba a yi ruwa a makon ba. Ni mai ilimin abin ne, na san iskar da ke kawo ruwa ba ta jin Turanci, na san ba bakina ne ya riƙe shi ba. Duk da haka ban taɓa yin istigfari irin na kwanakin ba. Sai a mako na gaba aka samu ruwa. Geron tudu ya riga ya ƙone, Baba ya shuka wake a wurin. Na je na ce masa yaya ruwa, ya ce ruwa ya yi gyara.

Har yau in na tuna Mai Lema da kwat ɗinsa sai na yi tsaki. Sai dai shi bai san shamuwa ba, bai zauna a gindin darbejiya an yi masa shifta ba, kuma bai yi wa ubansa ƙarya a gaban mutane ba. Tsakin da nake yi wa kaina ya fi nasa tsawo.

Ranar da zan tafi, Baba ya rako ni har tashar Gwaram. Na shiga mota, direba ya tayar, sai na ga ya matso jikin taga yana ƙwanƙwasawa. Na sauke gilashi. Ya ce, "Na manta ban gaya maka na kwaɗi ba. In suka yi kuka da rana tsaka, ruwa bai wuce kwana biyu. In sun sake tambayarka, ka ƙara musu da wannan."

Na ce, "To, Baba." Ya tsaya yana jira, don haka na ciro littafin na rubuta a gabansa.