Rabi Ta Ƙyasta wa Sufeto Yatsa

Har gobe ban manta da ranar da sufeto ya shigo ajina ba, lokacin ina koyar da 'yan aji biyar a wata firamare a Gawon Nama. Sufeto shi ne jami'in da ake aikowa ya duba aikinmu, rahotonsa kuma ke ɗaga makaranta ko ya kayar da ita. A makon ne aka kawo mini Rabi daga Birnin Ƙonni a Nijar, aka karɓe ta na gwaji.

Sufeto ya jefa tambayar lissafi. Yaranmu suka yi tsit. Sai muka ji ƙyas! ƙyas! ƙyas! Rabi ce ta miƙo hannu tana ƙyasta wa sufeto yatsa. Wayyo ni! A nan, in ka yi wa mutum haka, ai ka ce masa zai gani ke nan. Da ya nuna ta, ta miƙe ta harɗe hannuwa a ƙirji kamar mai jiran faɗa, ta ba da amsa daidai.

Hedimasta, wanda ya rako sufeto ajin, ya kumbura. Sufeto na fita ya ce, "Malama, ɗiyar ga ba ta zama nan! A kira ubanta." Raina ya ɓaci, don yarinyar ta shiga raina.

Washegari uban ya zo, dattijo mai sayar da albasa. Yana shiga ofis ya gaishe mu, ya tsaya ƙiƙam, ya harɗe hannuwa a ƙirji.

Hedimasta ya ce, "La ilaha illallahu! Ashe gado na!"

Dariya ta ƙwace mini har da riƙe ciki. Dattijo ya ce, "Ranka ya daɗe, mi munka yi?" Da muka gaya masa abin da Rabi ta yi, sai ya ce, "Can lakwal, makarantar bokonmu ta Nijar, haka anka koya muna ladabi. Wanda bai ƙyasta yatsa ba kuwa, raggo na." Ya ƙara da cewa can bisa ashirin ake ba da maki, a sakandare kuma daga aji shida ake gangarowa biyar. Hedimasta ya dafe kai yana dariya, ya ce Rabi ta koma aji.

Tun ranar, kafin in ce yaro ba shi da kunya, sai na tambayi inda ya koyo tasa. Saura kaɗan mu kori yarinyar da ta fi kowa ladabi a makarantar.